Ɗanyen Hoto a Idi-Araba

Kyamarar ba ta Najiba ba ce. Ta shagon Kawu Jumare ce, ƙanin mahaifiyarta, wanda ya fi shekara ashirin yana ɗaukar hoto a Agege, bayan layin dogo. Wani abokinsa ne ya zo masa da ita daga Dubai a ƙarshen shekarar 2001, irin sabbin nan da ba sa cin fim, sai wani ɗan kati da bai fi akwatin ashana faɗi ba. Kawu ya jujjuya ta kwana biyu, ya ce shi abin da ba zai ɗaga sama ya duba da hasken rana ba bai yarda hoto ne ba, ya miƙa wa Najiba. Dama ita ke zuwa gidajen suna da na biki, inda ba a son namiji ya kutsa cikin mata.

Wanda ya koya mata aiki da ita Abdulwahid ne, wani Bayerabe mai shagon kwamfuta a Ikeja da ke buga musu hotuna. Shi ya nuna mata cewa iri biyu kyamarar ke ajiye hoto. Akwai wanda take ajiyewa yadda ya shigo mata, da duk abin da idonta ya gani, har wanda ya ɓuya a duhu. Shi Najiba ta sa wa suna ɗanye. Akwai kuma wanda take matsewa ta zubar da abin da take ganin ba a bukata don ya ƙanƙance, shi ne matsattse. Katin ɗanye goma sha biyu yake ɗauka ya cika. In matsattse ne, sittin.

"In a fili ne da rana, ba mai bambance su," in ji Abdulwahid. "Amma in wurin da duhu, ɗanyen nan zan iya zama gaban kwamfuta in jawo fuska daga cikin duhun. Matsattse kuwa, abin da ya zubar ya tafi. Ko wanda ya ƙera ta ba zai dawo da shi ba."

A ƙarshen Janairun 2002, bayan bamabamai sun tashi a barikin Ikeja mutane sun watse a firgice, shagon Kawu bai huta ba. Iyaye suka riƙa zuwa da tsofaffin hotuna a ƙara musu girma, su bi asibitoci suna nunawa. Waɗanda suka fi tsaya wa Najiba a rai su ne masu zuwa hannu rabbana, suna tambaya ko an taɓa ɗaukar ɗansu a wani biki, ko da a gefe ne.

Asabar ɗin da ta biyo baya ta hau motar haya ta danfo zuwa Idi-Araba. Wani mai gadi a wata masana'anta da ke Ilupeju, Abdoulaye, mutumin Damagaram, shi ya roƙi a zo a ɗauki mahaifiyarsa Inna Mariamu, don ya aika wa ƙanwarsa Mouna da ke gida, wadda rabonta da tsohuwar shekara tara. Haya suke a gidan Iya Risikat, wata Bayarabiya mai sarin garin rogo. Gida ne mai bene ɗaya da ɗakuna birjik a ƙasa, yawancin 'yan hayar Hausawa.

Najiba ta zaunar da Inna a baranda, ta sa kyamara a kan ɗanye saboda inuwar wurin.

"Inna, ki ɗan saki fuska mana."

"Ɗiyata, Mouna a haka ta san ni. In na yi dariya sai ta ce wata aka ɗauko mata."

Tana cikin duba hoto na huɗu a ɗan gilashin bayan kyamara ta ji hayaniyar. Da farko kamar ta kasuwa in an kama ɓarawo. Sai ta ji ana jan ƙofofin shaguna, ɗaya bayan ɗaya, daga bakin titi har zuwa lungunsu. Wata mata ta faɗo gidan a guje da matankaɗi a hannu, maza uku a bayanta, sai kuma wasu. Ba wanda ya iya faɗin abin da ya haɗa faɗan. An dai ce ana sara a bakin titi, ana tsayar da mutum a ji harshensa, ana neman Hausawa.

Iya Risikat ta sauko da ɗaurin ƙirji, makullai a hannu. Hausarta ba ta da yawa, Najiba kuwa haihuwar Agege ce, Yarbanci a bakinta yake, don haka ita ta zama tafinta.

"Gaya musu su hau sama, ɗakin kaya," in ji Iya. "Zan sa kwaɗo ta waje. Duk wanda ya zo, gari ne a ciki. Kar in ji tari, kar in ga haske."

Ɗakin dogo ne siriri, buhunan gari a jere har kusa da silin. Tagarsa ɗaya, an daɗe da toshe ta da katako saboda ɓarayi. Katako ɗaya ya tsage, tsagin bai fi tafin hannu faɗi ba, kuma ta nan kawai iska da haske ke shigowa. Iya ta ajiye musu jarka biyu na ruwa da bokiti ɗaya, ta ja ƙofa. Da Najiba ta ji kwaɗon ya kama, sai ta ƙirga kawuna don ta hana kanta tunani. Su talatin ne har da ita.

Wajen la'asar kwaɗon ya sake motsi. Iya ce, tana jan wani mutum da ta tsinta a bakin kwatar bayan gida, an sare shi a ƙeya da kafaɗa. Ta turo shi ta sake kullewa. Da gani ɗan dako ne, har da tsumman gammo a wuyansa. Aka yi ta leƙa fuskarsa, ba wanda ya san shi. Abdoulaye ya lalube aljihunsa.

"Babu kardantite, babu wata takardar shaida, babu komai. Goro ɗaya da igiya."

Matar nan mai matankaɗi ta matso kusa da shi. Kalsum sunanta, waina take soyawa a kusa da ƙofar babban asibiti, mijinta direban tanka ne a Apapa, ya yi lodi ya tafi arewa. Ta yage gefen mayafinta ta ɗaure masa kai, ta sami guntun kwali ta fara yi masa fifita. Ba ta da yawan magana.

Yadda suka kwana ba abin faɗa ba ne. Gari ya waye musu da warin hayaƙin taya da na bokiti. Wanda ya sa ido a tsagin taga ba ya ganin komai sai gefen ƙofar gida da ƙafafun wasu samari da suka ajiye benci a wurin, addunansu a jingine. Tun da suka zauna Iya ba ta ƙara hawowa ba. Jarka ɗaya ta ƙare, ɗayar ta yi rabi. Gari ga shi nan har silin, ruwan jiƙa shi ne babu.

Da hantsi hasken tsagin ya sauko ya kwanta a kan wani buhu da ke jikin bango. Inna Mariamu ta taɓa gwiwar Najiba.

"Ɗiyata, abin foton nan naki yana aiki?"

"Yana yi, Inna."

"Bawan Allahn nan ba zai kai la'asar ba. Na ga irin wannan numfashi wajen uban Abdoulaye. Ki ɗauke shi tun da sauran kamanninsa. Yana da uwa a wani wuri."

Najiba ta kunna kyamara. Batir ya ci rabi. Walƙiyar kyamarar ba ta ko tunanin kunnawa, don za ta shanye batirin cikin hoto biyar, kuma ga masu benci a ƙasa. Maza biyu suka ɗago mutumin suka jingina shi inda hasken yake. Ta dafa kyamara a kan buhu don kar ta motsa, ta ɗauki ɗanye biyu, ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe inda tsagen fuskarsa yake.

"Bagobiri ne," in ji Inna, da ta ga tsagen.

Wani dattijo mai jiki ya leƙo ta kafaɗar Najiba. Malam Barau ke nan, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, gaisuwar mutuwa ta kawo shi unguwar rikici ya rutsa da shi.

"Yarinya, wannan ai baƙi ne wuluk. Ba komai a ciki."

"Akwai, Baba. Yana ciki, ba a nan ake ganinsa ba."

Ya shafa gemu. "To in haka ne, ni ma ki ɗauke ni. Iyalina suna Aliero. Ba wanda ya san na zo nan. In aka banka wa gidan nan wuta, wa zai ce Barau na ciki?"

Wani daga lungu ya ce ai kyamarar ma ƙonewa za ta yi.

"Katin yana fita," in ji Najiba. "Zan iya sa shi a gwangwani in jefa ta tsagin nan cikin gidan Iya."

Da ta san abin da maganar za ta jawo, da wataƙila ta haɗiye ta. Kafin ta rufe baki kowa ya fara matsowa. Mutum ashirin da takwas, kowa da garinsu, kowa da wanda yake so ya sani. Kuma hasken tsagin, fuska ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, ba halin a jera mutum uku.

Ta nemi izinin Inna ta goge uku daga cikin hotunanta huɗu na jiya.

"Goge. Ki bar wanda na fi kama da kaina."

Hakan ya bar mata gurbin ɗanye tara. Ta yi musu bayani cikin raɗa, yadda Abdulwahid ya yi mata: mai kyau a wannan duhun tara ne kawai, ɗayan irin kuma zai ishi kowa amma ba ta da tabbacin fuska za ta fito.

"A yi mai kyan," in ji Barau.

"Tara ne, Baba. Su wa za a bari?"

Ba wanda ya ce a bar ni. Wani ya ce a fara da manya. Wata ta ce a fara da waɗanda ba su da hoto a gida, nan take ya zama ba mai hoto a gida. Wani ya ce shi ya fara shigowa ɗakin. Raɗa ta fara zama magana, maganar ta fara hawa, har Abdoulaye ya miƙe ya nuna ƙasa da yatsa, inda bencin yake. Aka yi tsit. A cikin shirun Najiba ta ji wani daga masu bencin yana dariya.

"Shi ke nan," ta ce. "Na samu dabara. Kowa zai samu, iri ɗaya."

Ƙarya ta yi. Ta riga ta yi lissafinta a zuci: gurbin ɗanye ɗaya matsattse biyar ne, don haka in kowa zai shiga katin, mutum huɗu ne kaɗai za su samu ɗanye. Su wane ne huɗun, ita kaɗai za ta zaɓa, da ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsanta, kuma ba wanda zai sani.

Inna ta yanke hukunci a fara da mata, ba wanda ya musa mata. Kowace ta zo ta zauna a kan buhun, ta juya fuska ga tsagin, ta riƙe numfashi. Ta faɗi sunanta da garinsu, Abdoulaye ya rubuta da biro a bayan kwali, bi da bi. Najiba ta kashe gilashin bayan kyamara don batir, ta riƙa dannawa ba ta ganin abin da ya fito. Duk matsattse. Rana tana tsaka, hasken da ƙarfinsa, ta ce wa kanta za su yi. Wasu na gyara ɗankwali kafin su zauna. Wata mai goyo ta ɗaga jaririyarta kusa da kuncinta don su shiga tare.

"Yaya Kalsum, saura ke."

"Ku ci gaba, ƙanwata. In na daina fifitar nan numfashinsa sarƙewa yake. Ni ba sauri nake ba."

Bayan azahar mutumin ya cika. Kalsum ce ta fara sani, don hannunta na kan ƙirjinsa. Ta rufe masa ido, Barau ya yi masa addu'a da murya ƙasa-ƙasa, aka ja shi can ƙuryar ɗaki aka lulluɓe da buhunan da ba komai a ciki. Ba wanda ya iya zancen hoto na kusan awa guda. Najiba na zaune tana kallon hasken yana barin buhun yana hawa bango, ba ta iya cewa a tashi ba.

A lokacin ne ruwan ya ƙare. Mai goyon nan ta sulale ta faɗi, aka yi ta yi mata fifita, jaririyar ta fara kukan da sai da aka toshe da nono marar ruwa. Abdoulaye ya hau buhuna ya tura allon silin, ya leƙa, ya sauko.

"Akwai kwanon rufin da ya saki ta baya. In an ɗaga shi mutum zai iya dira lungun kwata. Na san hanyar har katangar asibiti. In akwai soja, can suke."

"In kuma babu fa?" in ji wani.

"Sai mu dawo da ruwa, in mun dawo."

Wani ɗan okada mai suna Shamsu ya ce zai bi shi. Sai ga Malam Barau yana naɗe babbar rigarsa.

"Baba, ka zauna," in ji Abdoulaye. "Jikinka da nauyi."

"Ku biyun nan wa zai saurare ku? Ni na san yadda ake magana da mai kaki. Shekarata talatin ina shigo da albasa ta shingensu." Ya juya ga Najiba. "Yarinya, ɗauke mu tukun."

Ta tsayar da su ɗaya bayan ɗaya a jikin bango, inda hasken ya koma. Kafin ta ɗauki Abdoulaye ta murza maɓallin zuwa ɗanye. Inna na kallonta, ta rasa gane ko tsohuwar ta lura. Ta ɗauki Shamsu, ta ɗauki Barau, duk ɗanye. Ji take kamar ita ke auna musu likkafani. Inna ta kama gefen wandon ɗanta ta riƙe na ɗan lokaci, sannan ta saki. Suka hau suka ɓace cikin silin. Aka ji kwano ya yi ƙara sau ɗaya, kowa ya daina numfashi. Masu benci ba su motsa ba.

Najiba ta mayar da maɓalli kan matsattse ta ci gaba da sauran mazan, da sauri, ita ke rubuta sunayen yanzu. Hasken na ƙara hawa yana ƙara ja. Na ƙarshen su sai da ya yi ɗage. Saura Kalsum.

Sai da ta hau kan buhu kafin hasken ya taɓa fuskarta, shi ma rabi. Najiba ta duba lambar da ke saman kyamara. Filin da ya rage zai ɗauki ɗanye guda. Yatsanta na kan maɓallin. Ta san wannan hasken bai isa matsattse ba, ta sani sarai. Amma ta tuna mutumin da ke kwance ƙarƙashin buhuna. In Iya ta sake turo wani fa? In aka dawo da ɗaya daga cikin ukun nan a sare? In an fasa ƙofar, ashe ba za a so fuskar wanda ya fasa ba? Kalsum lafiyarta ƙalau, tana cikin ɗaki kamar kowa, gidanta layi biyu ne daga nan. Ba inda za ta.

Ta bar maɓallin yadda yake ta danna.

"Na fito?" in ji Kalsum tana saukowa.

"Kin fito, Yaya."

"Kin san ban taɓa ɗaukar hoto ba? Maigidana ya sha cewa mu je, ni ce kullum nake cewa sai an yi sabon ɗinki."

Najiba ta ɗaga kai ta dubi bango. Hasken ya kai silin, ya zama siririn zare.

"Gobe da hantsi zan sake miki wani, wanda ya fi wannan."

"Allah ya kai mu."

Hantsin bai same su a ɗakin ba. Rana na fitowa ranar Litinin suka ji motoci masu nauyi da gudun mutane, sannan kwaɗo ya buɗe. Iya Risikat ce, idanunta sun kumbura, da soja ɗaya, da Abdoulaye yana ɗingishi, kwano ya yanke masa ƙafa. Barau da Shamsu suna ƙasa a cikin mota, lafiya lau. Sojan ya ce minti goma, wanda bai hau ba shi ya sani. Aka sauko ana tuntuɓe, idanu sun manta da rana. Sojoji biyu suka fito da gawar. Iya na tsaye a ƙofa tana taɓa kafaɗar kowa yana wucewa.

A bakin motar Kalsum ta tsaya.

"Bari in leƙa gida in bar saƙo wajen maƙwabciyata. In Ɗanliti ya dawo ya tarar ba kowa, hankalinsa zai tashi."

Najiba ta kama gefen zaninta. "Yaya, ki bari. In mun isa bariki sai a aika."

"Layi biyu ne. Ki ce wa direba ina zuwa."

Ta zare zanin ta tafi da sauri, ta sha kwana wajen wani shagon da ya ƙone. Najiba ta gaya wa direban da Hausa, ta gaya masa da Turancin kasuwa. Ya jira, a gaskiya ya jira fiye da minti goma. Sai aka ji harbi daga wajen titi, ofisa ya buga jikin mota, suka tashi. Wata ta ce ƙila ta hau motar baya. A bariki Najiba ta bi kowace mota da ta shigo har yamma.

Kwana biyu ta yi a barikin kafin Kawu Jumare ya gano inda take. Ranar da ta iya fita, Ikeja ta nufa da katin a ƙulle a gefen ɗankwali.

Abdulwahid ya fara da ɗanyen. Hoton farko ya buɗe baƙi ƙirin. Ya riƙa jan wani abu a hankali, sai ga goshi, ga hanci, ga tsage layi-layi daga gefen baki zuwa kunne, har da ɗan tabo a gira. Ga Abdoulaye, ga Shamsu, ga Barau da kowace furfurar gemunsa. Matan da aka ɗauka da rana tsaka sun fito, ba kyau amma ana gane su. Mazan la'asar sun fi duhu, sai wanda ya san mutum. Da aka zo na ƙarshe, ya ja hasken, sai hoton ya farfashe ya zama ƙananan murabba'ai, toka-toka da kore. Akwai gefen mayafi, akwai wani abu mai ɗan ƙyalli inda kunne zai kasance. Fuska babu.

Ya kusa awa yana gwadawa. Daga baya ya janye hannunsa.

"Sista, ba abin da zan jawo. Ba ya ciki." Ya duba gefen allon. "Kuma ga fili ya rage miki a katin, na ɗanye guda."

Najiba ta karɓi katin ta mayar da shi gefen ɗankwalinta.

Hoton ɗan dakon nan, Barau ne ya karɓa ya manna a ƙofar masallacin 'yan albasa a Mile 12. Kwana huɗu wani mai tura baro ya tsaya ya ce wannan ai Na'Allah ne, ɗan Sabon Birni, wata uku da zuwansa. Aka ba wani direban tirela hoton ya kai gida. Sauran mutanen suka riƙa zuwa shagon Kawu ɗaya-ɗaya suna karɓar nasu, wasu na dariyar yadda suka zare ido.

Bayan mako biyu wani dogon mutum ya shigo shagon, rigarsa da tabon baƙin mai. Ya gaida Kawu, ya ce Iya Risikat ce ta kwatanta masa. Sunansa Ɗanliti. Ya je bariki, ya je asibitoci huɗu da ɗakunan ajiye gawa, ko'ina sai a ce ina hotonta.

"An ce ke kin ɗauke ta, Malama."

Najiba ta ɗauko takardar daga ƙarƙashin kanta ta ajiye masa. Ya ɗauka da hannu biyu, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya daɗe a wurin.

"Ita ce," ya ce. "Haka take karkata kai in ana mata magana."

"Malam, ba wanda zai gane ta a nan in ba kai ba," in ji Najiba. "Akwai yadda zan ɗauka ya fito sosai. Ina da halin yi a lokacin, ban yi ba. Na ajiye wa wani abin da bai zo ba."

Kawu ya ɗago daga abin da yake yankawa, bai taɓa jin wannan ba. Ɗanliti bai dube ta ba, idonsa na kan takardar.

"Ta ci abinci a wurin?"

"Gari, ranar farko."

"Ta ji tsoro?"

"Ban ga alama ba. Wani da aka sara ta yi ta yi wa fifita, kwana da wuni, har ya cika a hannunta. Shi ya sa ta zo ƙarshe."

Ya gyaɗa kai, kamar abin da ya zata ke nan. Ya ce a buga masa guda goma. Najiba ta ce za a buga, amma ta sake gaya masa ba za su taimaka masa a asibiti ba.

"To ki rubuta a baya," ya ce. "Ni rubutun bokona bai da kyau. Ki rubuta da Hausa da Turanci."

Ta jawo kujera ta ɗauki biro. Ya tsaya a kanta yana faɗa tana rubutawa. Kalsum, matar Ɗanliti direba, 'yar Gumel. Shekara talatin da ɗaya ko da biyu. Ba doguwa ba. Tana da wushirya. Akwai tabon ƙunar mai a bayan hannun dama. Najiba ta ƙara abin da ita ta sani: zani shuɗi mai zanen ganye, mayafi fari da aka yage gefensa.

"Sa kuma tana jin Yarbanci kaɗan," in ji shi. "Ko wani ya ɓoye ta."

Ta sa. Ya karanta a hankali yana bin layin da yatsa, ya ce ranar Alhamis zai dawo ya karɓi sauran, don gobe akwai wani asibiti a Ikorodu da aka ce an kai mutane.